Sababbin Malaman Taki

Masu jiran ci gaban labari su yi mini haƙuri, yau babu Alhaji, babu amarya, babu uwargida mai bin bokaye. Wata magana ce ta tsaya mini a wuya, na kuma ga idan ban fitar da ita ba, ba zan iya komawa kan littafi da natsuwa ba. Maganar awo ce. Awon da na'ura take yi, da kuma wanda yake ɗaukar laifi idan na'urar ta yi kuskure.

Bari in ɗauko ta daga nesa don ku ga yadda ake yi wa masu gata. A ranar 28 ga Janairun 2025, masu ɗaura agogon motsa jiki na kamfanin Garmin a ƙasashe daban-daban suka wayi gari da abin haushi. Mutum ya sa takalmi ya fito zai yi gudun safe, yana danna agogo don ya fara ƙirga masa nisa, sai agogo ya ɗauke, ya nuna wata shuɗiyar alama mai kusurwa uku, ya mutu ya taso, ya mutu ya taso. Musabbabin abin wani ɗan fayil ne da ake tura wa agogunan, mai ɗauke da bayanin inda taurarin ɗan Adam suke a sama don agogo ya yi saurin kama su, to a wannan karon sai gurɓatacce ya shiga. Kafin ka ce kwabo duniya ta ɗauka. Jaridun fasaha suka rubuta, masu agogo suka yi ta kumfar baki, kamfani ya fito ya amsa cewa ya san da matsalar, ya gyara tushenta, ya kuma wallafa matakan da kowa zai bi ya farfaɗo da nasa agogon. Kafin wannan, a farkon Janairun 2021, agogunan kamfanoni da dama masu amfani da ƙwaƙwalwar GPS ta Sony sun riƙa zana hanyar da mutum ya bi a gefe guda can, wanda ya yi gudu a bakin titi sai taswira ta nuna shi yana ratsa gidajen mutane. Nan ma an yi surutu, an gyara. A watan Yulin 2020 kuwa 'yan kutse ne suka kulle kwamfutocin Garmin suna neman kuɗin fansa (ashe ba mu kaɗai muka san wannan kalma ba), har layukan da ake kira a kai kuka suka mutu na kwanaki, kamfani ya yi ta ba da haƙuri.

To me aka yi asara a duk wannan? Gudun safe. Mutum bai san ko kilomita 10 ya yi ko 9 da rabi ba. Ba a ci gonar kowa ba, ba a rubuta wa kowa bashin da ba nasa ba, ba wanda ya kwana a ofishin 'yan sanda. Amma duk da haka sai da aka saurare su, domin suna da inda za su kai kuka, suna kuma da bakin da ake jin tsoro.

Mai karatu, kada ka ɗauka zagin na'urar nake yi. GPS abin al'ajabi ne. Sojojin Amurka ne suka ƙirƙiro shi, taurari ne kimanin 30 suke kewaya duniya a nisan kilomita wajen 20,200 daga ƙasa, kowanne ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, yana ta shelar sunansa da inda yake da lokacin da ya yi magana. Wayarka ko agogonka ba ya aika musu da komai, saurare kawai yake yi. Idan ya ji muryar aƙalla 4 daga cikinsu, sai ya lissafa tsawon lokacin da saƙon kowanne ya ɗauka kafin ya iso, daga nan ya ƙiyasta inda kake tsaye. Ƙiyastawa na ce, ku riƙe wannan kalma. Saƙon yana tafiya da gudun haske ne, kilomita 300,000 a sakan ɗaya, don haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan ya isa ya jefa ka mita 300 daga inda kake. Ga shi kuma saƙon sai ya ratso saman sararin samaniya inda zafin rana yake hautsina iska ya rage masa gudu, kuma masana sun tabbatar ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya irin tamu sun fi fama da wannan hautsini. Idan ya sauko kuma ya tarar da gini ko dutse ko duhuwar itatuwa, sai ya bugi wannan ya bugi wancan kafin ya shiga wayar, ita kuwa ta ɗauka ka fi nisa.

Har zuwa watan Mayun 2000, da gangan Amurka take gurɓata saƙon da fararen hula suke kamawa, ana iya samun kuskuren da ya kai mita 100, sai da Shugaba Bill Clinton ya ba da umarnin a daina. A yau ita kanta gwamnatin Amurka abin da take cewa shi ne, wayar hannu a fili fetal, babu gini babu itace, tana gano wuri ne da tazarar da ta kai kusan mita 5. Gaskiya ne Rasha da Tarayyar Turai da ƙasar Sin duk sun harba nasu taurarin, kuma wayoyi da agoguna masu tsada suna sauraren duka a lokaci guda, abin ya ƙara kyau. Amma ba irin waɗannan wayoyi ake yawo da su a gonakinmu ba.

Wani abin kuma, masu bincike a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Austiriya sun nuna a 2015 cewa GPS yana da halin ƙara wa tafiya tsawo. Dalili mai sauƙi ne. Kai ka miƙe sak a kan hanya, amma na'ura tana ganinka kana ɗan karkata dama kana ɗan karkata hagu kamar tafiyar maciji, idan ta tattara waɗannan 'yan karkace-karkace sai nisa ya ƙaru. Shi ya sa masu shirya gasar gudun fanfalaki ta duniya, irin wadda ake yi a Legas tun 2016, ba su yarda da agogon kowa ba. Nisan gasar kilomita 42.195 ne, kuma da keke ake auna shi. Keke dai da kuka sani, mai ƙafa biyu, a ɗaura masa wata 'yar na'urar ƙirga juyawar taya, a fara gwada shi a kan wani tsawo da aka auna da tef ɗin ƙarfe, sannan a bi hanyar gasar da shi, har ma a ƙara mita ɗaya a kan kowace kilomita don gudun kada a tauye. Ɗan tsere ya iso ƙarshe ya ce agogonsa ya nuna fiye da haka, sai a ce masa sannu da ƙoƙari, amma keke ne alƙali.

To jama'a ku tsaya nan ku yi tunani. Mutanen da suka ƙera abin, suka san cikinsa da bayansa, ba su yarda ya auna musu filin wasa ba. Mu kuma mun miƙa masa gona.

Duk wanda ya san ƙasar Funtua da Bakori da Danja da Kafur har zuwa Malumfashi ya san nan ne rumbun Jihar Katsina. Auduga ce ta jawo jirgin ƙasa da injin gurza zuwa Funtua tun zamanin Turawa, kuma a tsakiyar shekarun 1970 da Bankin Duniya ya zo da shirinsa na bunƙasa noma, Funtua na cikin wurare uku na farko da aka fara da su a Nijeriya, tare da Gusau da Gombe. Mutanen nan ba baƙin awo ba ne. Sun san sikelin auduga, sun san tiya a kasuwar Dandume, sun san yadda ake danna mudu da yadda ake sassauta shi. An cuce su a can baya, ba a ce ba a cuce su ba, amma cutar ido da ido ce. Idan malamin sikeli ya sa ƙafa, kana iya ganin ƙafar. Idan ba ka yarda da tiyar dillali ba, ka aiki yaro gida ya ɗauko taka. Awon da kake gani da idonka kana iya musunsa.

Tsofaffi suna ba da labarin malaman taki na farkon zamanin Turawa, musamman a ƙasar Kano, lokacin da aka ce harajin mutum ya danganta da girman gonarsa. Malami ne zai zo ya taka gona da ƙafarsa, tsawo da faɗi, ya rubuta a takarda, abin da ya rubuta shi za ka biya. Idan ka kyautata masa sai takunsa ya yi faɗi gona ta ƙanƙance, idan ka ɓata masa rai sai ya riƙa taku kamar amarya gona ta zama daji guda. Sun yi ƙaurin suna har su kansu Turawan suka riƙa kokawa da su. To yau ga malaman taki sun dawo da sabuwar riga, har ma sunan ya fi dacewa da su yanzu, domin takun da suka yi a gonarka shi yake yanke buhun takin da za a ba ka.

Kun san yadda abin yake. Ana gab da damina sai ga saurayi a kan babur, da 'yar riga mai ƙyalli da waya a hannu, an aiko shi daga kamfanin bashin noma ko ƙungiyar manoma ko wani shiri na tallafi. Ya kewaya gona, ya danna, waya ta ce hekta 1.37. Shi ke nan, an buga hatimi. Har da ɗigo da lamba biyu a bayansa, yadda duk wanda ya gani zai ce lallai wannan awo bai bar ko taƙi ɗaya ba. A kan wannan lamba za a lissafa iri, da taki, da maganin feshi, da kuɗin huɗar tarakta, da inshora, da yawan buhunan da za ka mayar da kaka. Shirin bashin manoma na Babban Banki da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwambar 2015, wanda ya shigo da manoman auduga na Katsina sosai a 2019, da hekta yake lissafi. Sama da naira tiriliyan ɗaya aka fitar a ƙarƙashinsa kafin sabon shugabancin bankin ya janye hannu daga irin waɗannan basussuka daga ƙarshen 2023. An yi ta maganar manoman bogi da waɗanda suka ci bashi suka ƙi biya, kuma akwai su, amma da wuya ka ji an tambayi yadda aka auna gonakin manoman gaske. Shirin ya tafi, wayar awon kuwa ta zauna, kowane kamfani da ya biyo baya da ita yake aiki.

Ni ban wuce sakandare ba, amma wannan lissafi ko ɗan aji uku zai yi shi. Hekta ɗaya ita ce mita 100 tsawo, mita 100 faɗi, wato murabba'in mita 10,000, kusan eka biyu da rabi. A ce layin da waya ta zana ya fita waje da mita 2 kacal a kowane gefe. Gona ta zama 104 sau 104, wato 10,816, an ƙara maka kashi 8 cikin 100 na ƙasar da ba ka da ita. Yanzu ɗauki gayaunar talaka mai mita 50 sau 50, rubu'in hekta ke nan, murabba'in mita 2,500. Wannan mita 2 ɗin dai ta mayar da ita 54 sau 54, wato 2,916, ƙarin ya kusa kashi 17 cikin 100. Idan ciki layin ya shigo, ta koma 46 sau 46, wato 2,116, an yanke mata sama da kashi 15. Kun ga ke nan iya ƙanƙantar gona iya girman ɓarnar. Mai hekta 50 ba zai ma ji a jikinsa ba. Bazawara mai 'yar gonar gado a bayan gari ita ce za ta ji.

Masu ilmin abin za su ce ai kuskuren ba gefe ɗaya yake tafiya ba, wani wuri ya fita wani wuri ya shigo, sai su cinye juna. Na yarda, haka yake idan an yi aikin a natse, an tsaya a kowace kusurwa an ba waya lokaci ta daidaita. Amma wa ya taɓa ganin an yi haka? Iyakar gonakinmu ba layin rula ba ce. Nan gamba ce, can jerin bini-da-zugu, can kuma tsohuwar ɗorawa ko kaɗanya ko mangwaro da kakanni suka sa shaida, kuma a ƙarƙashin itacen nan ne daidai saƙon tauraro yake rikicewa. Yaro ya zo inda ƙaya take ya kauce ya bi ta gonar maƙwabci, ya zo inda kwari yake ya yanke, wani ma ko sauka daga babur ba ya yi. Wannan kuskure ba ya cinye kansa, taruwa yake yi.

Na taɓa tsayawa a gonar wani ɗan'uwana a ƙasar Bakori muka kewaya ta da wayoyi uku, ɗaya bayan ɗaya, a yini ɗaya, da ƙafafun mutum ɗaya. Lamba uku muka samu. Tsakanin babbar da ƙaramar akwai filin da zai ci kunya fiye da goma. Wadda ke cikin takardar bashinsa kuwa ta huɗu ce, ba ta yi daidai da ko ɗaya ba, kuma ta fi su duka girma. Ma'ana an ɗora masa kayan gonar da ba shi da ita, ana kuma jiran masarar da za ta fito daga ƙasar da ba ta wanzu ba. Da ya kira lambar da aka rubuta a ƙasan takardar, wata murya ce ta Turanci ta ce ya danna ɗaya, ya danna biyu, aka sa masa kiɗa har katinsa ya ƙare. Da ya je ofis, amsar ita ce wadda kowa ya haddace: "Baba, abin da sistem ya nuna ke nan, ba mu da yadda za mu yi." Sistem! Kamar wani sarki ne da ba a ɗaukaka ƙara a gabansa.

Ba na jin haushin yaran nan sosai. Yawancinsu 'ya'yan manoma ne da suka gama makaranta babu aiki, ana biyansu ne gwargwadon yawan gonakin da suka shigar, to wa zai tsaya minti biyu a kowace kusurwa? Ga caji yana ƙarewa, ga rana, ga kuma tsoro. A ɓangaren Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara, inda 'yan bindiga suka daɗe suna hana mutane sakat, mai gonar ma da addu'a yake shiga, balle baƙo mai riga mai ƙyalli da ake hangowa daga nesa. Ana faɗa a majalisu cewa wasu daga bakin titi suke zana gonar da yatsa a kan taswira. Laifin na wanda ya aiko su ne, ya kuma ƙi buɗe ƙofar gyara.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda kowa ya wanke hannunsa tun kafin a fara. Ku buɗe 'yar takardar gargaɗi da ake sakawa a kwalin irin waɗannan na'urori, wadda ba mai karantawa saboda ƙanƙantar rubutu. Masu ƙera su sukan faɗa ƙarara cewa kada a dogara da na'urar a duk aikin da yake buƙatar cikakken daidaiton nisa ko wuri. Maƙeri ya fita ke nan. Mai manhajar awo shi ma yana da tasa doguwar yarjejeniya da ake danna "na yarda" ba a karanta ba. Banki ya ce shi lambar da wakili ya turo ya gani. Wakili ya ce waya ce ta faɗa. An zagayo an zagayo, an bar mutum ɗaya tilo da ya dangwala yatsa, shi ne manomi, wanda ko fuskar wayar ba a juyo masa ya gani ba.

Ku kwatanta da abin da ya faru a Amurka a watan Mayun 2024. Wata gagarumar guguwa daga rana ta bugi sararin duniya a daidai lokacin da manomansu suke shuka, taraktocin da GPS yake jagoranta suka riƙa kauce wa layi. Nan da nan dillalan taraktocin John Deere suka aika wa manoma saƙon gargaɗi cewa na'ura ba ta daidai, a dakata. Manoma suka kashe inji suka jira. Guguwar nan ba ta nemi biza ba, duniya duka ta shafa, kuma Mayu lokacin shirin damina ne a wurinmu, lokacin da ake yawon awon gonaki. Ku tambayi manoman garinku ko akwai wanda aka aiko wa saƙo.

Har agogon ma ya iso mana ai. Ku duba hannun samarin da ke atisaye da asuba a filin ƙwallo a Funtua ko Malumfashi, masu shirin shiga soja ko ɗan sanda, da dattawan da likita ya ce su riƙa tattaki saboda hawan jini da ciwon suga. Da yawan agogunan nan masu araha babu ƙwaƙwalwar GPS a cikinsu sam, motsin hannu suke ƙirgawa su ƙiyasta, ko su ara daga waya. Yaro yana murna ya yi kilomita 5, ranar gwaji ta gaskiya numfashi ya ƙare masa a ta 4. Ya koma wurin mai shago, a nuna masa rasit da aka rubuta cewa kayan da aka saya ba a dawowa da shi. Alhali akwai dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta kuma ba mai saye damar mayar da kayan da ya fito da aibi ko bai yi aikin da aka ce yana yi ba. Dokar tana Abuja da Turanci, rasit yana Funtua a aljihun yaro.

Mu da ake yi wa dariya ana ce mana marubutan kasuwa mun fi su sanin darajar mai saye. A lokacin da littafi yake littafi, idan maɗaba'a ta haɗa shafi a juye ko ta tsallake goma, mai karatu zai mayar wa mai shago, mai shago ya mayar wa dila a Kano, a canza masa ba gardama. A bayan kowane littafi kuma ga adireshinmu ɓaro-ɓaro. Wasiƙu suna zuwa, wata ta yabe ka, wata ta wanke ka tas don ka kashe jarumar da take so, kuma dole ka amsa a littafi na gaba. Littafin naira 50 ke nan fa. Yau ga kamfani zai ɗora wa mutum bashin dubban ɗaruruwa, amma babu mutum ɗaya mai jin Hausa da aka ajiye don ya ɗaga waya.

Na san abin da za a ce mini. Za a ce to Malam, mu koma wa igiya da taku ke nan? Za a ce manomi ma ai ba ya faɗin gaskiya, idan tallafi ne gonarsa hekta biyar ce, idan haraji ne rabin eka ce. Akwai ƙamshin gaskiya a nan. Binciken da masanan Bankin Duniya suka yi a ƙasashen Afirka, har da Nijeriya, ya nuna ƙiyasin baki yana da kuskure babba, masu ƙananan gonaki sukan ɗauka tasu ta fi yadda take, masu manya kuma sukan rage, kuma na'urar GPS ta hannu idan an yi aiki da ita yadda ya kamata ta fi ƙiyasin baki nesa ba kusa ba. Ban musa ba. Rigimata da wanda ya ɗauki shaida ya naɗa shi alƙali ce. Na'ura ta faɗi nata, mai gona ya faɗi nasa, maƙwabta su faɗi nasu, idan an saɓa a sake awo. Wannan ba ya buƙatar ko sisin kwabo daga Bankin Duniya.

Inda abin ya fi ba ni tsoro ma ba bashi ba ne, gado ne da fuloti. Bashi ana biya a manta, iyaka kuwa har jikoki. Yanzu an fara ganin 'yan'uwa suna rabon gonar mahaifinsu da wayar wani ɗan boko a cikinsu, ana kafa turaku inda ɗigon shuɗi ya tsaya. Dillalan filaye a bayan garin Funtua su ma sun koyi tura wa mai saye lambobin wuri ta waya. Fuloti mai ƙafa 50 faɗinsa mita 15 ne da 'yan kai. Kuskuren mita 5 sulusinsa ke nan, ɗaki guda da banɗaki. Shekara biyar nan gaba wani ya zo da sabuwar waya ɗigo ya tsaya a wani wuri daban, sai a kwashi juna zuwa kotu, zumunci ya lalace. Safiyo na gaskiya mai rajista da hukumarsu ta SURCON yana da na'urar da ke gyara saƙon tauraro har kuskure ya dawo 'yan santimita, yana kuma sa hannu da hatimi, idan ya yi ɓarna akwai inda za a kai shi. Tsada gare shi, na sani, amma bai kai kuɗin lauya ba. Ƙasar nan ma tana da tauraronta, NigComSat-1R, da aka harba daga ƙasar Sin a Disambar 2011, ɗauke da na'urar gyara saƙon GPS, an kuma gwada ta a 2020 don amfanin jiragen sama. Da dai a ce masu wannan aiki za su tuna cewa a ƙasa ma akwai mutane.

Don haka kirana ga iyayenmu sarakuna, daga Sarkin Maska a Funtua da Makama a Bakori har Galadima a Malumfashi, da dagatai da masu unguwanni da ke ƙarƙashinsu, da hukumar KTARDA mai kula da malaman gona: kada a bar wani kamfani ya shiga ƙauye da wayar awo sai da sharaɗi. Mai gona ya kasance a tsaye, da maƙwabcinsa na iyaka, da wakilin mai unguwa. A kewaya sau biyu, a bi ta dama a dawo ta hagu, a karanta lambobin biyu da ƙarfi da Hausa kowa ya ji. Manhajojin nan da yawansu suna nuna wata 'yar lamba a gefe da ke faɗin mita nawa wayar take shakka a lokacin, a rubuta ta a takarda tare da sunan mai awo da ranar da ya yi. Gonar da ba ta kai rabin hekta ba a tabbatar da ita da tef, aikin rabin sa'a ne. Kuma a ba mutum mako biyu da zai iya cewa bai yarda ba a sake, kafin a sauke masa buhu ko ɗaya. Alƙalan kotunan shari'a su ma don Allah kada su karɓi hoton fuskar waya a matsayin hujjar iyaka alhali dattawan da suka san ɗorawar suna raye.

Kafin a kai ga haka kuwa, ga abin da kowane ƙauye zai iya yi da kansa bana. A sami tef, a auna wani fili a makarantar firamare, mita 50 sau 50, a kafa duwatsu huɗu. Duk wanda ya zo da waya zai auna gonakin mutane, a yi masa sannu da zuwa, a ba shi ruwa ya sha, sannan a raka shi filin nan ya fara kewaya shi sau biyu a gaban jama'a. Amsar da ake jira 0.25 ce. Abin da wayarsa ta nuna, mai unguwa ya rubuta ya ajiye.

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu za mu koma kan labarinmu daga inda muka tsaya.